Wuni Guda a Kufan Asode

Kakata, mahaifiyar babana, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa wuce Ɗambatta ta arewa ba. Amma duk ranar da maƙwabta suka ɓata mata rai, sai ta gyara zama a kan tabarmarta ta ce, "Ku ƙyale su, mu dai ba 'yan nan ba ne, mu mutanen Abzin ne." Takan ambaci Abzin ɗin nan kamar wata unguwa ce a bayan ganuwa, wadda in ta ga dama za ta yafa mayafi ta koma kafin magariba. Mu Agalawa ne, fatauci muka gada. Kakanninmu sun yi ta kai da komo tsakanin Kano da Gwanja suna ɗauko goro a bisa jakuna, wannan kam ba mai musu, domin har yanzu akwai wata tsohuwar waga rataye a ɗakin baffana. Abin da ya shige mana duhu shi ne, wane gari ne namu a Abzin ɗin? Na sha tambayarta, amsarta ba ta sauyawa: "Garin dutse." Daga nan sai ta ja bakinta.

Ina jami'a na ci karo da littafin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da Abdulkarim. Ya ratsa Abzin a shekarar 1850, ya zauna a Tintellust a hannun wani babban shugaba na ƙabilar Kel Owi, kafin ya biyo ayarin gishiri ya iso Kano a farkon 1851. A cikin abin da ya rubuta akwai labarin wani gari mai suna Asode, wanda ya ce gidajensa na dutse da laka sun kai dubu. Ina karanta wannan na rufe littafin, na ce shi ke nan, na gano garinmu. Ba ni da wata hujja ko ta sisin kwabo. Amma wanda aka ce masa gidanku na cikin wannan layi, ba a nuna masa ƙofa ba, ai soron da ya fi tsawo zai nufa.

Shekaru suka shuɗe kafin Allah ya kawo sanadi. Wani abokina ɗan Timiya, wanda muka yi karatu tare a Kano, ya gayyace ni ɗaurin aurensa. Na bi ta Damagaram da Tanut na faɗa Agadas, daga can muka hau duwatsu, tafiyar fiye da kilomita 200, har Timiya, garin da lambunansa na lemo da rumman da dabino ke sa baƙo ya manta a tsakiyar hamada yake. Da aka watse daga biki na roƙi ango alfarma guda, ya kai ni Asode. Ya dube ni ya ce, "Kufai ne fa, babu kowa sai ƙadangaru." Na ce na ji, a kai ni.

Muka tashi bayan sallar asuba, cikin wani irin sanyin hunturu da ke shiga ƙashi. Mu huɗu ne a tsohuwar Toyota: ni da ango, da direba, da wani dattijo kawun ango, wanda ya yi shekaru yana jan ayari zuwa Bilma, ya kuma ci rani sau da dama a ƙasar Katsina da Kano. Hausarsa irin ta mutanen da ce, tsabtatacciya, babu gaurayen Turanci ko Faransanci, har nakan ji kunyar tawa in ina magana da shi. Aka ɗora mana jarkar ruwa da garin alkama da cuku da kayan shayi, muka nufi arewa.

Bahaushe in ya ji an ce hamada, rairayi yake kawowa a ransa, tudu bayan tudu. Abzin ba haka take ba. Duwatsu ne baƙaƙe ƙirin, kamar an ƙone su an bar su su huce, a tsakaninsu kuma ƙoramu busassu masu farin yashi, waɗanda ba su ganin ruwa sai 'yan kwanaki a damina. A cikin ƙoramun nan rai yake: goriba, aduwa, itatuwan ƙaya, tumfafiya, da 'yan awaki da wata yarinya ke kora. Cikinsu kuma mota ke bi, don babu wata hanya da ta wuce su. Dattijon nan yana gaba, amawalinsa ja har bisa hanci, ba ya magana sai dai ya ɗaga yatsa, direba ya karkata.

Da hantsi ya dubi ludayi direba ya kashe mota ya ce mun iso. Na fito na duba gabas, na duba yamma, ban ga gari ba. Fili ne mai tsakuwa, duwatsu sun yi masa zobe, ko'ina tarin dutse a kan dutse. Har na buɗe baki zan tambaya, sai idona ya faɗa kan wata kusurwa. Dutse ba ya yin kusurwa don kansa. Daga wannan sai na ga wata, sai bango, sai ƙofa, sai lungu, kafin in ankara ashe tun ɗazu a tsakiyar gari nake tsaye. Da duwatsun wurin aka gina shi, don haka da ya rushe sai ya koma kamannin abin da aka ɗebo shi daga ciki.

Na shiga lungu-lungu ina yawo kamar wanda ya yar da wani abu. Ɗakunan masu kusurwa huɗu ne, ba zagayayyu ba, an jera duwatsun da laka a tsakaninsu. Wasu bangayen sun zube sun tsaya a gwiwa, wasu suna nan sun fi tsawon mutum, har da alkukinsu inda ake ajiye fitila. Rufi kam babu ko ɗaya, abin da gara ta rage na azara masu wucewa sun zare sun yi makamashi. Ƙasa cike take da tsingaro, kowane taku sai ka ji ya ce ƙaras. Ba mai gadi, ba mai karɓar kuɗin shiga, ba mai ce maka kada ka taɓa. Abin da ya fi damuna shirun wurin ne. Shirun daji daban, domin daji bai taɓa yin magana ba balle a ce ya daina. Wannan kuwa shirun gidan da aka yi rasuwa ne bayan masu zaman makoki sun watse.

Dattijon ya ja ni zuwa babban masallaci. Shi ne ginin da ya fi kowane bayyana, ana gane alƙiblarsa da ginshiƙansa a jere. Na lura tsakanin jeri da jeri ƙunci ne ƙwarai, iyakar abin da sahu guda zai yi sujada. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ɗana, duba itatuwan ƙasar nan. Wanne ne zai ba ka azara mai tsawo? Gwargwadon icenka, gwargwadon faɗin ɗakinka." Sai na tuna hasumiyar masallacin Agadas da na gani kwanaki kaɗan kafin nan, mai tsawon mita 27, itatuwa sun fito a jikinta kamar ƙayar bushiya. Can ana ta yaɓe ana gyara tun ƙarni na 16, nan kuwa an bar wa iska.

Tambayar da duk mai hankali zai yi in ya tsaya a wurin ita ce, me ya kawo gida dubu nan? Babu kogi. Babu gonar da za ta ciyar da ko rubu'insu. Amsar ita ce, Asode bai taɓa ci daga ƙasar da yake zaune a kanta ba, daga hanya yake ci. Ana lissafa shi cikin mafi tsufan garuruwan Abzin, ana kai asalinsa can wajen ƙarni na 11, kuma ya zauna ne a kan turbar da ta taso daga Gat da Fezzan ta ratsa duwatsun nan ta gangara ƙasar Hausa. Alaƙar Abzin da mu kuwa ta girmi duk wata iyaka da Turawa suka shata. Gobirawa da bakinsu suke cewa a nan suka zauna kafin su yi kudu. Tarihin sarakunan Kano ma ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa.

Gishirin nan shi ne kan zance. Mutanen Bilma da Fashi suna da gishiri da dabino, ba su da hatsi. Mutanen ƙasar Hausa suna da gero da dawa da tufafi, amma su da dabbobinsu na bukatar gishiri. Tsakanin waɗannan biyu akwai Tenere, ɗaruruwan kilomita na rairayi tsantsa, babu ciyawa ko ta sakace. Wanda ke da raƙumi, ya kuma san hanya, shi ke da kasuwa, wannan kuwa shi ne Ba'abzine. A da, in kaka ta yi, wajen watan Oktoba, sai a tara dubban raƙuma, a ɗaure musu dammunan ciyawar da za su ci zuwa da dawowa, a ɗora gero, a faɗa Tenere. Fiye da wata guda ake yi kafin a komo da kantu da beza da dabino. A ɗan huta, a sake ɗaura kaya a yi kudu, Damargu, Damagaram, Katsina, Kano. A Kano Fagge ce masaukinsu. Su sayar, su bar raƙuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe, masu gona na murna da taki, sannan gab da damina su juya arewa da gero da takalma da turkuɗin Kura, wanda Ba'abzine ba ya jin ya cika mutum sai ya naɗa shi ya rine masa fuska. Dattijon nan da kansa ya yi wannan zagaye, yana ba ni labarin zangon-zangon kamar mai karanta wasiƙa.

Kel Owi su ne suka fi riƙe wannan harka a ƙarni na 18 da na 19, shugabansu kuma, wanda ake kira Anastafidat, a Asode yake zaune. Ke nan garin nan ma'aji ne da masauki da fada a lokaci guda. A nan ake ajiye kaya, a nan malamai ke karantarwa, a nan ake sasanta rigimar rijiya da ta diyya, a nan mata da yara ke jiran maza su dawo daga tafiyar da ke cinye fiye da rabin shekara.

Da rana ta take muka koma gindin wata ƙaya a bakin ƙorama. Direba ya haƙa yashi, ya hura wuta, ya kwaɓa alkama ya binne a cikin toka da yashi mai zafi, gurasar da suke kira tagalla. Ango ya ɗora shayi. A nan ne na jefa tambayar da ke cina: wa ya kashe garin nan?

Direba bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kawsan." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Nasara." Suka ɗan yi ja-in-ja da harshensu, kowa ya tsaya a kan bakansa, na kuwa fahimci wannan musu ya girme su duka biyun.

Ga abin da ya faru a wancan zamani. Faransawa sun kafa sansani na dindindin a Agadas a 1906. Suka ɗora haraji, suka riƙa ƙwace raƙuma don jigilar kayansu, raƙumi kuwa shi ne gona da rumbu da jarin Ba'abzine. Ana cikin haka fari ya zo, yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 wadda mu a ƙasar Hausa muke kira Kakalaba, ta ci mutane da dabbobi. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, bukatar Faransa ta raƙuma ta ƙaru a daidai lokacin da babu su. A watan Disamba 1916 Kawsan, mutumin ƙabilar Ikazkazan kuma ɗan ɗariƙar Sanusiyya, ya iso daga arewa da mayaƙa da bindigogi har da igwa, Sarkin Abzin Tagama ya buɗe masa ƙofa, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Kusan wata uku ana abu ɗaya, sai a farkon Maris 1917 dakaru suka taso daga Damagaram suka fasa ƙawanyar, Ingilishi ma daga Nijeriya sun ba da tasu gudummawa. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane fiye da ɗari a Agadas, cikinsu har da malamai. Kawsan ya ja da baya ta cikin duwatsun nan, mayaƙansa na ɗibar abin da suka samu don su rayu, Faransawa na biye suna kwashe mutane daga ƙauyuka suna tara su inda idonsu zai kai. Jama'a masu yawa suka gudu kudu, har ƙasar Kano da Katsina. An kashe Kawsan a Fezzan a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Da Baturen Ingila Francis Rodd ya zagaya Abzin a 1922, kufai ya tarar a Asode.

Ke nan direba na da gaskiyarsa, dattijo ma na da tasa. Amma ni akwai wani lissafi da ya hana ni sakat. Barth bai tsaya ga cewa gidaje dubu ba, ya ƙara da cewa a lokacin nasa kusan tamanin kaɗai ke da mutane a ciki, sauran sun zama kango. Wannan fa a 1850 ne, shekara 67 kafin yaƙin, kusan shekara talatin kafin a haifi Kawsan, tun Bafaranshe bai san hanyar Agadas ba. Ko gida ɗaya cikin goma bai kai ba wanda hayaƙi ke tashi daga cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Asode kuwa ya daɗe da tsagewa.

Abin da ya tsaga shi ba abu ɗaya ba ne, kuma ba a dare ɗaya ba. Tun ƙarni na 15 Agadas ta zama mazaunin Sarkin Abzin, ga ta a bakin duwatsu inda hanyoyi suka haɗu, ta fi kusa da hatsi. A ƙarni na 18 Kel Owi da Kel Geres suka yi ta gwabzawa a kan mallakar ƙasar, har Kel Geres suka tattara suka koma kudu wajen Adar da Gobir, suka tafi da dukiyarsu da cinikinsu. Waɗanda suka yi nasarar ma zama bai kama su ba, don nauyin arzikinsu ya riƙa rinjaya kudu, inda gonakinsu da rumbunansu da abokan cinikinsu suke. Mutum yakan rufe ɗakinsa da niyyar dawowa baɗi, baɗi ta zama baɗin waccan, har 'ya'yansa su tashi ba su san ƙofar ba. Anastafidat kansa daga baya ya bar garin, yau fadarsa a Agadas take. Abin da ya rage na cinikin arewa kuma shekarar 1911 ta ƙarasa shi: a cikinta Italiya ta kama Tarabulus, a cikinta kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da ke yin watanni a doron raƙumi suka koma zuwa daga Ikko cikin 'yan kwanaki. Kano ta juya wa hamada ƙeya ta fuskanci teku, ba ta ko yi sallama ba.

Na faɗa musu wannan duka, da ɗan alfaharin mai karatu. Direba ya ce shi dai abin da ya ji ke nan. Ni kuwa a raina na ga dalilin da ya sa sunan Kawsan ya fi saurin zuwa baki. Yaƙi yana da rana da suna da wanda za a la'anta. Komaɗar kasuwa ba ta da ko ɗaya, ba a yi mata waƙa, ba wanda zai ce ga ranar da ta fara. Ango, wanda yayansa ya yi aiki a Arlit, ya ce in ina son ganin yadda abin ke farawa ba sai na tono littafi ba, in je Akokan, inda aka rufe mahaƙar yuraniyom a 2021, in ƙirga gidajen da aka garƙame.

An zuba shayi na biyu ke nan dattijon ya juyo gare ni.

"Ɗana, ka ce ku su wane ne a Kano?"

"Agalawa, Baba."

Ya sa na maimaita. Ya ce wa ango wani abu da Tamajak, ango ya sunkuyar da kai yana wasa da kofi. Sannan ya ce da ni, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro, "Agala a bakinmu kudu ke nan. In muka ce za mu Agala, ƙasarku muke nufi, inda gero yake. Sunan naku, mu muka sa muku shi."

Na yi shiru. Shekara da shekaru muna zaune a Kano muna cewa mu mutanen arewa ne, ashe sunan da muke tinƙaho da shi cewa yake mutanen kudu. Kuma ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, ba ranar na fara jin ƙanshin zancen ba. Masu binciken tarihin fatauci sun rubuta cewa Agalawa da Tokarawa sun fito ne daga bayi da 'yantattun Abzinawa, waɗanda iyayengijinsu suka zaunar a ƙauyukan Damargu da Katsina da Kano, su yi noma, su tsare rumbu, su sauki ayari in ya zo. Mu Hausawa mun tara mutanen hamada duka mun kira su Buzaye, alhali a asali buzu shi ne na ƙasa, mai hidima, ba mai takobi ba. Na taɓa karanta wannan a ɗakin karatu, na tsallake shi kamar mai tsallake kwata, na koma shafin da ke maganar gidaje dubu.

Dattijon ya ga abin ya taɓa ni. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma janye ba. Ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka koma cikin kufan, ya kai ni bayan wani babban gida, wani ɗan fili da ba shi da bango sosai, ya nuna mini wani dutsen niƙa a ƙasa. Tsakiyarsa ta lotsa ƙwarai, ta yi santsi kamar cikin akushi. Ya ce, "Uwargidan wannan gida ba ta taɓa durƙusawa a nan ba. Akwai masu yi."

Na durƙusa na sa tafin hannuna a cikin lotsawar. Dutse ne mai tauri, irin wanda in ka buga masa guduma sai ta yi tsalle. Shekara nawa, hannu nawa, hatsi buhu nawa kafin ya lotsa haka? Hatsin daga ƙasarmu aka ɗauko shi, mai yiwuwa ita ma mai niƙan daga can aka ɗauko ta, domin turbar da ta kawo gero da turkuɗi ita ce ta riƙa kai bayi arewa, wasu a tsaya da su a nan, wasu a wuce da su Gat da Tarabulus. Da safe na shigo garin ina leƙa manyan ɗakuna, ina cewa ko wannan ne namu, ko wancan. Ko sau ɗaya ban dubi ƙasa ba.

Raina ya ɓaci, na rasa da wa. Na so in ji haushin masu gidan, sai na tuna kakannin nawa ma, da fataucin goro ya karɓe su suka yi dukiya, bayi suka saya suka zuba a gandu, ba su ce a'a ba don sun san zafin abin. Na so in ji haushin Kaka, sai na ga ba ta yi mini ƙarya ba ko kaɗan. Ta ce Abzin, Abzin ɗin ce. Ta ce garin dutse, ga shi kuwa. Iyakar abin da aka miƙo mata ke nan, waɗanda suka riga ta sun tace labarin sun zubar da tsakin, suka bar mata abin da za ta iya ɗaga kai da shi gaban maƙwabta. Ni ne na ƙara masa soro da fada. Wataƙila wata kakar kakarta ta durƙusa a irin wannan wuri. Wataƙila kuma ba wanda ya taɓa taka Asode a zuriyarmu, iyakarsu su auna gero a Damargu su ɗora wa raƙumin wani, su ji ana labarin wani garin dutse can arewa inda iyayengiji suke.

Abu guda dai na tabbata. Mutanen da aka tura kudu don hidima su suka fara sanin inda kasuwa ta koma, tun masu gari na nan suna jiran ayari. Suka koyi awo da lissafi da harshen masu saye, suka saki akalar raƙumi suka kama jaki, suka saki gishiri suka kama goro, da jirgin ƙasa ya zo suka kama gyaɗa. Jikokinsu na nan a Kurmi da Kantin Kwari. Gidan da aka yi wa niƙan kuwa, na tambayi dattijon ko na wane ne, ya daɗe yana duban bangon, ya ce bai sani ba.

La'asar ta same mu a can. Ruwan jarka ya yi ƙasa, ga sauran tafiya, don haka muka yi taimama a jikin bangon masallaci. Dattijon ya shige gaba ya tsaya a inda alƙibla ta rushe, mu uku muka yi sahu a bayansa, kafaɗa da kafaɗa, a cikin ƙuncin nan da aka auna da tsawon icen goriba. Da ya yi kabbara muryarsa ta bugi duwatsu ta dawo. Goshina ya sauka a kan tsakuwa mai zafi. Bayan sallama ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen garin addu'a, na da da na bayansu, 'ya'ya da bayi, muka shafa.

Na ɗauki wani ɗan tsingaro mai zane na sa a aljihu. Da muka zo shiga mota na ciro shi na mayar gindin bango, don na rasa abin da zan ce in an tambaye ni na mene ne. Muka kamo hanya rana na gangarawa, duwatsun suka yi ja sannan suka koma baƙinsu. Ba mu shiga Timiya ba sai bayan isha'i, ana jin ƙugin injinan ban-ruwa daga lambuna.

Kwana uku bayan haka, da na sauko Agadas waya ta samu, na kira baffana, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu. Bayan gaisuwa ya ce, "To, ka ga garin dutsen?"

Na ce, "Na gani, Baffa."

"Da gidan namu?"

Na ce masa bangaye sun zube, ba a gane gidan wani daga na wani. Ya ce Allahu akbar, ya yi shiru kaɗan. Sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun albasa a can, da kuma nawa mota ke ɗauka zuwa Kano.